Zobban Inna Uku da Hujin Saman Kunnena

Assalamu alaikum Gwaggo Hauwa'u. Don girman Allah ki ba ni shawara kafin sabon wata ya kama, domin duk wanda na fara faɗa wa maganar nan dariya yake yi mini. Matsalata ta farin ciki ce, amma ta hana ni sakat. A kan kunne ne. E, kunne. Ki daure ki karanta har ƙarshe.

Ni 'yar Liba ce ta ƙasar Maiyama, aure ya kawo ni Jega shekara goma sha uku ke nan. Maigidana mutumin Aliero ne, sana'arsa albasa, ya saya ya yi lodi zuwa kudu. Mahaifiyata, Inna, Bafillatana ce, kuma a zuriyarsu akwai wata al'ada da ban taɓa ji a wani gida ba, ko a cikin sauran Fulanin. Duk macen da ta yaye ɗa lafiya, uwarta za ta huda mata saman kunnen hagu, can wajen guringuntsi, a sa mata ɗan ƙaramin zoben azurfa. Ɗa ɗaya, huji ɗaya. In kika kalli kunnen mace a danginmu kin san 'ya'ya nawa ta yaye ba sai kin tambaya ba. Inna tana da bakwai. Yayata tana da biyar. Ƙanwata da na goya da bayana tana da uku.

Ni kuwa shekara goma sha ɗaya na yi ban haihu ba, saman kunnena babu ko ɗaya. Babu wanda ya taɓa goranta mini, wannan kam ba zan yi musu ƙarya ba. Amma in muka taru a Liba da salla ko biki, kowa ta ɗaura ɗankwalinta sama kunne na walƙiya, ni sai in ja nawa ƙasa in rufe kunnuwan ruf. Har aka riƙa tsokanata wai ɗaurin tsofaffi nake yi. Inna kaɗai ta san dalili, ita kuwa sai dai ta ƙara mini nono a fura.

A cikin shekarun nan ne ƙanwar maigidana ta rasu ta bar jinjira mai wata goma sha huɗu, Amatullahi. Ni aka ba. Da kunu da madara na raine ta, a bayana ta yi haƙora, a ɗakina ta fara tafiya. Yanzu shekararta goma, tana aji huɗu, bakinta ya fi na rediyo. Maganar zobe dai ba ta taso ba, tunda ba ni na haife ta ba, ni ma ban sa rai ba.

Sai Allah Ya yi ikonSa. Kusan shekara biyu da suka wuce na haifi 'yan biyu, Hassana da Usaini. Gwaggo, ranar suna maigidana sai da ya manta takalminsa a masallaci ya dawo gida ƙafa ba komai yana ta washe baki. Yanzu sun kai wata ashirin da biyu, sun yi ɓul-ɓul, sun ishi kowa da ɓarna, kuma an sa ranar yaye farkon watan gobe. Inna za ta tafi da su Liba su yi kamar mako biyu su manta da nono.

Watan jiya Inna ta zo Jega. Bayan ta huta ta ci abinci sai ta kwance ƙullin haɓar zanenta ta zube mini zobba a tafin hannu. Na ɗauka sababbi ta sa maƙeri ya yi, kamar yadda ta yi wa 'yan uwana. Da na duba sai na ga tsofaffi ne, sun yi baƙi-baƙi. Na ɗaga kai na kalli kunnenta, ga ramuka uku babu komai a ciki. Nata ta cire, waɗanda uwarta ta sa mata da hannunta. Na ƙirga na ce Inna ai uku ne, yaran kuma biyu. Ta harare ni ta ce, "Uku na, ba biyu ba. Amatullahi ba ɗiyakki ta ba? Wa yay yaye ta in ba ke ba? Ni ad da kuskure tun hwarko, yanzu ko ina gyara abina."

Gwaggo, na yi kuka har 'yan biyun suka tsorata suka taya ni. Amatullahi tana bakin ƙofa ta ji komai, tun ranar kuwa ba ta bar kowa ya huta ba. Ta sanar da makwabta, ta sanar da malamarsu ta Islamiyya, har mai sayar mana da ruwa ya san za a huda wa Umma kunne saboda ita. Kullum sai ta kama kunnena ta nuna inda take so nata ya zauna, wai can ƙoli tunda ita ce babba.

To ga inda matsalar take. Inna ta ce ranar yaye za ta huda ukun gaba ɗaya da hannunta, yadda aka saba: a gasa allurar ɗinki a wuta, a huda, a bar zare a ciki, a riƙa shafa man shanu ana jan zaren, bayan kwana bakwai a sa zoben. Inna kuwa ta haura saba'in. Hannunta yana rawa, in ta ɗauki kofin shayi sai rabi ya zube. Idonta na dama ma ya fara yana. Makon jiya da na je Liba ina kakkaɓe mata tabarma na tsinci wata sakaina a ƙarƙashi, an huda bakinta da allura wuri-wuri, sun fi ashirin. Wasu sun karkace, wasu sun haɗe da juna, biyu sun ɓalle bakin gaba ɗaya. Ashe gwaji take yi a ɓoye. Na mayar da ita inda na gan ta, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Abin da ya ƙara tsorata ni shi ne makwabciyata Raihanatu. Bara ta je kasuwa aka yi mata huji huɗu a saman kunne da bindigar nan ta huda kunne. Kwana biyar kunnen ya kumbura ya yi jawur, ta sa kananzir, ta sa man zafi, ta sa man goge baki, duk wanda ya shigo da maganin da zai faɗa. Da ƙyar aka kai ta asibiti aka tsaga. Ta warke, amma saman kunnen ya naɗe kamar busasshiyar kuɓewa, har yau ba ta yarda a gani. Ita ce ta ce in na bar Inna ta taɓa ni da allura ba ni da hankali. Ta kuma ce in ma za a yi, a yi da bindigar, wai ita tsautsayi ne kawai ya hau ta.

Maigidana kuwa bai ɗauki abin da zafi ba. Kin san mutanen Aliero da alfahari da ɗori. Ya ce, "Mi kika tsoro? Ba ƙashi na ba? In ya lalace ga Aliero nan kusa. Mu da munka ɗora cinyar ƙato, kunne za ya gagare mu?" Da gaske yake, Gwaggo, har sunan mai ɗorin ya faɗa mini.

Ni dai ina son hujin nan, ba zan ɓoye miki ba. Ina so in je Liba in ɗaura ɗankwali sama ko sau ɗaya a rayuwata. Amma ina tsoron kunnena, kuma ba zan iya kallon idon Inna in ce mata hannunki ya tsufa ba, bayan ta tuɓe zobban uwarta ta ba ni. In na ƙi ta, na san ba za ta yi faɗa ba, shiru za ta yi, shirun nan kuwa ya fi mini duka ciwo. Ga kuma tambayoyi cike da kaina. Yaya zan yi da shafar kunne a alwala sau biyar a rana? Hijabina mai roba ne, yana matse kunne. Usaini in yana bayana babu abin da ba ya fizga, ɗankwali, gashi, kunne. A hagu nake kwana. Kuma da gaske ne man shanu ba ya magani? Ai da shi aka warkar da na 'yan uwana duka.

Ki taimake ni Gwaggo. Wannan ne karo na farko da zan rubuta sunana haka.

Uwar Uku, Jega.

*

Wa alaikumus salam Uwar Uku. Barka, barka, barka, sau uku daidai da yawansu. Wasiƙu da yawa kan zo mini da hawaye, taki ta sa ni dariya ni kaɗai a ofis har aka leƙo. Allah Ya raya su, Ya saka wa Inna da Aljanna.

Bari in fara da maigidanki, don shi ne mai sauƙi. Ki gaishe shi ki ce masa ina girmama masu ɗorin Aliero, amma saman kunne guringuntsi ne, ba ƙashi ba. Ƙashi in ya karye yana haɗewa domin jini yana isarsa sosai. Guringuntsi jinin da ke kai masa kaɗan ne, shi ya sa yake daɗewa bai warke ba, in ƙwayar cuta ta shige shi kuma tana iya cinye shi cikin 'yan kwanaki. Abin da ya narke ba ya dawowa, babu kara da tsumman da za su miƙar da shi. Abin da ya sami Raihanatu ke nan, kuma ba tsautsayi ba ne kawai. Bindigar huji tana tura ɗan kunne mai dakusasshen baki da ƙarfi, ta farfasa guringuntsin, ga shi ba a iya tsabtace cikinta tsakanin mutum da mutum. Kada ki kusance ta.

Sai Inna. Gaskiya ne ta huda wa 'yan uwanki sun warke, ban raina wannan ba. Amma a shekarun da na yi ina aikin jinya na ga waɗanda aka yi wa da allura da zare ba su yi sa'a irin tasu ba. Gasa allura a wuta ba ya kawar da komai da komai, zare yana shan gumi da datti ya kai su cikin ciwon, jansa kullum yana sabunta raunin, man shanu kuma yana toshe wurin ya riƙe ƙura. Ga rawar hannu a kan wurin da faɗinsa bai kai farce ba. Don haka amsata a fili take: kada Inna ta riƙe allurar.

Kina tsoron gaya mata, ni kuwa ina ganin ta riga ki sani. Da ta yarda da hannunta ba za ta zauna tana gwaji a kan sakaina tana ɓoyewa ba. Tsohuwar nan tana cikin irin tsoronki, ita ma ta rasa yadda za ta janye ba tare da ta ba ki kunya ba. Ki je Liba ke kaɗai kafin ranar. Kada ki ambaci sakainar, kada ki ambaci tsufa. Ki ce mata kin nemi shawarar masu aikin lafiya an ce saman kunne yanzu da allurar asibiti ake huda shi, kuma kina roƙonta ita ce za ta nuna wurin da yatsanta, a kan cinyarta za ki ɗora kai, ita za ta yi bisimilla ta sa albarka, ita ce kuma za ta sa zobban in lokaci ya yi. Allurar kaɗai za ta bari wa wani.

Wanda zai huda ya zama ma'aikacin lafiya ko ƙwararriyar da ta saba da hujin guringuntsi musamman. Ba kowace nas ce ta iya ba, ki tambaya ba kunya, ko da zai kai ki Birnin Kebbi. Ki ga ta wanke hannu ta sa sabuwar safar hannu, ta goge kunnen, ta yage ledar sabuwar allura a gabanki. Allurar da aka yi wa wani amfani da ita tana iya ɗauko ciwon hanta da abin da ya fi shi. Ki faɗa mata in kina da ciwon suga, ko in a danginku akwai masu tabon nan da ke tasowa ya yi ƙulli bayan rauni ya warke. In akwai ɗayan biyun, ki ga likita tukuna, don mai irin wannan fatar gara ta haƙura da saman kunne. Ki kuma tabbatar allurarki ta rigakafin tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora, ba ta tsufa ba.

Zobban Inna ba za su shiga sabon huji ba. Azurfa tana dafewa a cikin ɗanyen ciwo, zobe kuma yana juyawa yana gurzar wurin. Na farko ya zama ɗan kunne miƙaƙƙe na ƙarfen kayan tiyata ko zinariya ta gaske, mai ɗan tsawo don ya bar wa kumburi wuri. Shi zai zauna har a warke. Kada ki ruɗu da kwana bakwai. Fatar ƙasan kunne kan warke cikin wata biyu, guringuntsi kuwa wata shida zuwa shekara yake ɗauka, ko da daga waje ya nuna kamar ya gama.

Kada kuma a yi ukun rana ɗaya. Akwai masu aikin da kan yarda su yi biyu ko uku a zama guda, amma ke ga zafin ƙasarku, ga hijabi, ga Usaini. Uku a jere in suka kumbura tare wahala ce babba. A yi ɗaya ranar yaye. Al'adarku ma ta taimake ki a nan, domin mako biyun da yaran za su yi a Liba su ne kwanakin da ciwon ya fi buƙatar a ƙyale shi. In sun dawo ki rage goyon Usaini, in ya zama dole ki sassauta goyon ya sauka ƙasa yadda hannunsa ba zai kai ba. Bayan wata uku ko huɗu, in na farkon ya kwanta babu zafi babu ruwa, a ƙara sauran biyun.

Kulawar ba ta da wuya, haƙuri take so. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa wurin, musamman in kin taɓa albasar maigida. Safe da yamma ki wanke gaba da bayan hujin da ruwan gishiri na asibiti, irin na ƙarin ruwa, ana samunsa a kemis. In babu, ki tafasa ruwa kofi ɗaya ki sa gishiri kwatan ƙaramin cokali, ya huce, kuma kullum sabo. Ki tsane da bandeji mai tsabta. Kada ki juya ɗan kunnen, kada ki ɓantare ɓawon da ya bushe, ki jiƙa shi ya fita da kansa. Ban da kananzir, ban da man zafi, ban da sifirit, ban da man shanu, ban da duk abin da mai shigowa gaisuwa zai kawo. Ki yi kitso kafin ranar, man kitso kuma ya yi nesa da kunnen. Ki ajiye hijabi mai roba ki nemi na yadi mai laushi wanda ba ya matsewa, ki riƙa wanke shi akai-akai tare da rigar matashinki. Ki koyi kwana a dama tun yanzu.

Alwala kuwa, abin da na sani shafar kunne sunna ce, kuma addini bai ce ki cutar da kanki ba. Ki shafa a hankali ki kewaye wurin, da ruwa mai tsabta. A wanka ki bar ruwan ya bi ta kai ba tare da cuɗawa ba, sannan ki tsane. Ki ƙara tambayar malamin da kika yarda da shi don zuciyarki ta natsu.

Ɗan ja da ɗan kumburi da farin ruwa mai bushewa a makonnin farko ba abin tsoro ba ne. Amma in zafin yana ƙaruwa maimakon raguwa, kunnen ya yi zafi rau yana zogi, kumburin yana yaɗuwa, mugunya ta fito, ko zazzaɓi ya zo, ki tafi asibiti a ranar, ba gobe ba, ba kemis ba, ba Aliero ba. Kada ki cire ɗan kunnen da kanki, ki bar likita ya yanke shawara.

Na san abin da zai tsaya miki a rai: shekara guda ta yi nisa ga tsohuwar da ta haura saba'in. To ba sai ta jira ba. Kina da tsofaffin huji biyu a ƙasan kunnuwanki da suka warke tun kina jinjira. A wanke zobban da sabulu a goge su, ranar yaye Inna ta sa miki na Hassana a dama, na Usaini a hagu, da hannunta mai rawar nan, ta ɗauki duk lokacin da take so. Can za su zauna har wurarensu na sama su samu.

Sabon hujin na ranar kuwa, na ƙoli, na Amatullahi ne. 'Yan biyun ba su san ana yi ba, ita kuwa shekara tara hujinta ya makara kuma ta riga ta gaya wa duk Jega. A ɗaura mata zoben nata a zare ta rataya a wuya, ki gaya mata a gaban Inna cewa ita ce 'yar fari, ita za ta adana shi har wurinsa ya warke.

Ranar nan ki ɗaura ɗankwalinki sama, Uwar Uku, iya yadda kike so. Allah Ya sa a yi lafiya a warke lafiya, Ya ja kwanan Inna ta ga ukun a jere da idonta. Ki gaishe mini da ita, ki ce Hauwa'u ta ce ta iya gyara.

Gwaggonku Hauwa'u.